Daga Ishara Zuwa Allo: Rubutun Kiɗa na Nan-Take da Alaƙar Jagora da 'Yan Amshi a Kiɗan Hausa

Tsakure

Rubutun kiɗa na nan-take dabara ce da kwamfuta ke aika wa makaɗa alamomin abin da za su kaɗa a daidai lokacin da suke kan dandali, ta yadda mai tsara kiɗan zai iya sauya shi ana cikin wasa. Dabarar ta bunƙasa ne a Turai da Amurka da Ostareliya. Wannan maƙala ta yi bayanin asalinta da yadda take aiki, sannan ta auna ta da hanyoyin da jagora da 'yan amshi da makaɗa da sanƙira suke bi wajen fahimtar juna a kiɗan gargajiya na Hausa, tare da ɗaukar yankin Kademi a matsayin misali. Maƙalar ta nuna cewa ɓarakar da dabarar ta zo ɗinkewa, wato rabuwar mai tsara kiɗa da mai kaɗa shi, ba a san ta a dandalin Bahaushe ba sai bayan zuwan kiɗan situdiyo. Saboda haka, duk manhajar da za a gina wa kiɗan Hausa, wajibi ne a ɗora ta a kan gindin waƙa da ɗiyanta da take da nauyin gaɓa da karin sauti.

1.0 Gabatarwa

Kademi gari ne a ƙaramar hukumar Gaya, maƙwabciyar Ajingi, a gabashin jihar Kano. Ƙasar Gaya tsohuwa ce a tarihi, domin ruwayar kafuwar Kano ta danganta maƙeran da suka fara zama a gindin Dala da Gaya, su ne ake kira Abagayawa. Kamar sauran karkarar Kano, noma da kiwo da ƙananan sana'o'i su ne abin dogaron jama'a, kuma kiɗa yana biye da waɗannan ayyuka: gangar noma a wajen gayya, kalangu a wajen dambe da bikin mahauta, kiɗan ƙwarya a cikin gida tsakanin mata.

A yau, wanda ya halarci biki a gari irin wannan yana iya tarar da kiɗa iri biyu a rana guda. Da yamma makaɗin kalangu zai hango baƙo ya doso taro, ya sauya kiɗa zuwa takensa tun kafin ya zauna. Da dare kuwa a kafa manyan lasifikoki, a saki waƙar da aka naɗa a wani situdiyo a birnin Kano watanni da suka wuce, waƙar da ba ta san wanda ya zo ba balle wanda ya tafi. Abin da ya raba waɗannan kiɗe-kiɗe biyu shi ne abin da wannan maƙala ta ƙudurta nazari: yadda saƙo ke tafiya daga mai ƙirƙira zuwa mai kaɗawa alhali ana tsakiyar wasa.

2.0 Rubutun Kiɗa da Rabuwar da Ya Haifar

Rubutun kiɗa shi ne amfani da alamomi a kan takarda ko allo domin nuna sautin da za a fitar, da tsawon lokacin da zai ɗauka, da ƙarfinsa. Tsarin layuka da Turawa ke amfani da shi ana danganta tushensa da Guido na garin Arezzo a Italiya, wanda ya rayu a ƙarni na 11. Da tafiya ta yi nisa aka daidaita shi a kan layuka biyar, kowane layi da kowane fili tsakanin layuka yana wakiltar wani mataki na sauti.

Wannan rubutu ya yi amfani ƙwarai wajen adana kiɗa, amma ya raba aiki gida biyu. Mai tsarawa yana zaune a ɗakinsa ya gama rubutu, makaɗi kuma ya karɓi takarda ya yi ta maimaici har ya ƙware, sannan ya fito gaban jama'a. Da zarar an fara wasa, mai tsarawa ba shi da sauran ta cewa, ko da kuwa yana zaune a cikin taron.

A ƙarni na 20 wasu masu tsara kiɗa suka fara neman mafita. A 1952 Earle Brown na Amurka ya fitar da takardar kiɗa wadda ba ta da layuka biyar, sai zane-zanen da makaɗi zai fassara da kansa. A 1974 Walter Thompson ya fara gina harshen ishara da hannu mai suna Soundpainting, wanda alamominsa suka haura dubu. A 1985 kuma Butch Morris ya fara gabatar da tasa hanyar mai suna Conduction a birnin New York, inda yake tsara kiɗa da sanda da hannu a gaban makaɗa ba tare da takarda ba. Duk waɗannan yunƙuri ne na maido da mai ƙirƙira cikin fage.

2.1 Shigowar Kwamfuta

Abubuwa biyu suka share wa kwamfuta hanya. Na farko shi ne ƙa'idar MIDI ta 1983, wadda ta ba kayan kiɗa na lantarki damar aika wa juna saƙo. Na biyu shi ne ƙa'idar OSC, wadda Matt Wright da Adrian Freed suka gabatar a 1997 a Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley, domin aika saƙon kiɗa ta hanyar sadarwar kwamfutoci. Daga nan aka samu manhajojin da ke zana alamomin kiɗa a kan allo nan take, irin su MaxScore ta Nick Didkovsky da Georg Hajdu, da INScore ta cibiyar GRAME da ke Lyon a Faransa, da bach ta Andrea Agostini da Daniele Ghisi, da kuma Decibel ScorePlayer ta wata ƙungiyar makaɗa a birnin Perth na Ostareliya. A 2015 aka fara taron ƙasa da ƙasa mai suna TENOR a birnin Paris, wanda ya keɓanta da fasahar rubutun kiɗa.

Misalai biyu za su fito da abin fili. A wasan Flock da Jason Freeman ya gabatar a Miami a 2007, an kafa kyamara a sama tana bin motsin makaɗa huɗu da 'yan kallo a cikin fili, kwamfuta tana mayar da motsin zuwa alamomi, tana aika su ga ƙananan alluna da aka maƙala wa kayan busar makaɗan. A 2019 kuwa, Hajdu da abokan aikinsa suka jera makaɗa 144 a cikin tsohuwar hanyar ƙarƙashin kogin Elbe a birnin Hamburg na Jamus, mai tsawon sama da mita 400, kowane makaɗi yana karanta nasa rabon a allon da ke gabansa. A wuri irin wannan babu madugun da kowa zai iya hangowa, don haka allon ne ya zama madugu.

2.2 Yadda Dabarar Take Aiki

Kowane tsari na rubutun nan-take yana da matakai uku. Akwai mafarin saƙo, wanda zai iya zama mai tsara kiɗan da kansa yana danna maɓalli, ko makirufo mai sauraron makaɗa, ko kyamara mai kallon jama'a. Akwai manhajar da ke yanke shawarar abin da za a kaɗa bisa ƙa'idojin da aka shimfiɗa mata tun farko. Sannan akwai allon da ke nuna wa makaɗi alamar. Sautin da makaɗin ya fitar yana iya komawa ya zama sabon mafarin saƙo, ta haka abin ke zagayawa.

Babbar wahalar tana kan makaɗi, domin ana so ya kaɗa abin da bai taɓa gani ba. Freeman ya tattauna wannan a wata maƙala da ya buga a 2008. Darasin da aka koya daga gwaje-gwajen shi ne, gwargwadon yadda alama ta yi sauƙi, gwargwadon yadda makaɗi zai samu sukunin sa basirarsa a ciki. Wannan darasi kuwa tsoho ne a wajen makaɗan Hausa.

3.0 Sadarwar Nan-Take a Kiɗan Hausa

A kiɗan gargajiya na Hausa, mai tsara waƙa shi ne mai rera ta, kuma yana tsaye a tsakiyar mutanensa. Ba ya buƙatar takarda, amma yana buƙatar hanyar da zai sanar da su abin da ke zuciyarsa cikin ƙiftawar ido. Ana iya kasa hanyoyin zuwa uku.

3.1 Jagora da 'Yan Amshi

Manazarta waƙar baka, musamman Sa'idu Muhammad Gusau a littafinsa Jagoran Nazarin Waƙar Baka na 1993, sun nuna cewa waƙar makaɗa tana tsayuwa ne a kan gindi da ɗiya. Gindi shi ne abin da ake komawa gare shi, ɗiya kuwa su ne sassan da jagora ke jerowa tsakanin gindi da gindi. Gindin tabbatacce ne, amma yawan ɗiya da jerinsu da tsawonsu duk suna hannun jagora, kuma suna sauyawa daga wasa zuwa wasa. Wannan ne ya sa waƙa ɗaya takan fito da fuskoki daban-daban a faya-fayan da aka naɗa a lokuta mabambanta.

Tambayar ita ce, ta yaya 'yan amshi ke sanin lokacin shigowa? Suna karanta alamomi da dama a lokaci guda. Akwai saukar murya a ƙarshen ɗa. Akwai cikar ma'anar zance. Akwai wasu kalmomi da jagora ya saba rufe ɗa da su. Akwai kallo, da juya kafaɗa, da ɗaga hannu. Sannan akwai kiɗan da kansa, wanda ke zagayowa ya nuna wurin da gindi ya dace ya faɗo.

Nauyin da ke kan 'yan amshi ya bambanta daga rukuni zuwa rukuni. A wajen Alhaji Mamman Shata Katsina, wanda ya rasu a 1999, galibi aikinsu shi ne riƙe amshi daram, shi kuwa ya yi ta zuba ɗiya yadda ya ga dama. Wannan tsari ne ya ba shi damar yin waƙa nan take a kan abin da idonsa ya gani. A wajen makaɗan fada na ƙasar Sakkwato da Zamfara, irin su Ibrahim Narambaɗa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, aikin ya fi haka sarƙaƙiya. Jagora kan ɗauko farkon zance ya sake shi, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, ko su maimaita domin ƙarfafawa, ko su raka shi su rera tare. A nan kalma biyu ko uku na farkon ɗa su ne alamar: da jin su, 'yan amshi sun san wane ɗa aka ɗauko daga cikin tarin da suka haddace. A ɗaya gefen kuma akwai Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, da yake waƙa shi kaɗai da kuntiginsa, ya haɗa aikin mai tsarawa da na makaɗi a jiki ɗaya.

3.2 Take da Maganar Ganga

Hanya ta biyu ita ce ta kayan kiɗan kansu. Hausa harshe ne mai karin sauti, kuma kalangu yana iya kwaikwayon hawa da saukar murya, domin makaɗi yana matse tsarkiyoyinsa a hammata sauti ya hau, ya sassauta ya sauka. Da haka ake kaɗa take, wato gajeren kiɗan da ya keɓanta da wani mutum ko sarauta ko sana'a. David Ames da Anthony King sun tattara kalmomi masu yawa na wannan fanni a ƙamus ɗinsu na kiɗan Hausa na 1971, Fremont Besmer kuma ya yi nazarin kiɗan daren salla na fadar Kano a 1974.

Take saƙo ne mai fuska biyu. Yana magana da mai shi, yana kuma magana da sauran makaɗa. A wajen gayya, idan makaɗin gangar noma ya ga wani ya yi zarra a kunya ya saki takensa, manomin zai amsa da kirari ya ƙara himma, sauran masu kiɗa kuma su bi sabon zubin ba tare da an ce musu uffan ba. A wajen dambe ma haka abin yake. A fada, kakaki da tambari da algaita suna sanar da fitowar sarki da zamansa. Tarihin Kano ya ambaci kakaki a cikin abubuwan da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya shigo da su.

3.3 Sanƙira

Hanya ta uku ita ce ta sanƙira ko maroƙin da ke tare da makaɗi. Shi ne ke kewaya taro, ya gano wanda ya zo, da asalinsa, da kyautar da ya bayar, ya ɗaga murya ya shelanta ko ya matso ya raɗa wa jagora. Jagora kuma ya ɗauki sunan ya gina ɗa a kansa nan take. Idan aka auna da matakai ukun da aka ambata a baya, sanƙira yana yin aikin da kyamara ta yi a wasan Freeman, wato ɗauko labarin jama'a ya kai wa mai ƙirƙira. Sai dai ya fi kyamara, domin ya san wanda ya kamata a fara ambata, da wanda ambatonsa kusa da wani zai iya jawo rigima.

4.0 Situdiyo da Sabuwar Rabuwa

Daga 1990, lokacin da fim ɗin Turmin Danya ya fito a Kano, harkar finafinan Hausa ta buɗe sabon babi ga kiɗa. A ƙarshen shekarun 1990 fiyanon lantarki, musamman ƙirar Yamaha, ya mamaye situdiyoyin Kano, kuma waƙoƙin fim ɗin Sangaya na 1999 suna cikin waɗanda suka tabbatar da wannan salo. Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya yi rubuce-rubuce masu yawa a kan wannan sauyi.

A situdiyo aiki ya rarrabu. Mawaƙi yana zuwa da baitocinsa a rubuce a takarda ko a waya. Mai fiyano ya haɗa kiɗa. 'Yan amshi su rera amshi, a naɗa, a liƙa shi a duk inda ake buƙata. Idan ranar biki ta zo, sau da yawa sai a saki abin da aka naɗa, mawaƙi ya riƙe makirufo yana bin sa. Tsawon waƙar ya riga ya tabbata, jerin sunaye ya riga ya tabbata. Baƙon da ya iso a makare ba shi da gurbi, sai dai a rage sautin na'ura a ambace shi da baki.

Ke nan rabuwar da takarda ta haifar a Turai cikin ƙarnoni, na'urar naɗar sauti ta haifar da irinta a ƙasar Hausa cikin shekaru kaɗan. Asarar kuma ba ta tsaya ga daɗin sauraro ba. Amshi da kiɗa sana'o'i ne da ake koyo ta hanyar bin ubangida shekara da shekaru, galibi ta gado. Idan babu dandalin da ake buƙatar ɗan amshi mai kaifin kunne, babu yaron da zai ɓata ƙuruciyarsa wajen koyon abin. A nan ne rubutun nan-take zai iya yin rana, idan aka yi shi domin haɗa mawaƙin zamani da makaɗa masu rai a fage ɗaya ba tare da sun shekara suna bin juna ba.

5.0 Abin da Ya Kamata Allon Ya Nuna

Layuka biyar na Turawa ba su dace da wannan aiki ba saboda dalilai uku. Makaɗan Hausa ba su tashi da karatunsu ba. An gina su ne a kan tsayayyun matakan sauti, haka ma MIDI da ke da lambobin sauti 128, alhali kalangu yana sulalewa ne tsakanin mataki da mataki. Sannan suna nuna sauti ɗaya bayan ɗaya, alhali ɗan amshi yana tunani ne da ɗa sukutum. Abubuwa huɗu ne suka fi cancanta su bayyana.

5.1 Tsarin Waƙa

Abu na farko shi ne inda aka nufa: gindi, ko sabon ɗa, ko maimaici, ko sauka. Launi ɗaya ga kowanne ya wadatar. Idan kuma ɗan da za a ɗauko sananne ne, sai a nuna kalmominsa na farko, kamar dai yadda jagoran fada ke yi da baki.

5.2 Nauyin Gaɓa da Karin Sauti

Idan sabon layi ne da 'yan amshi ba su taɓa ji ba, rubutun boko kaɗai ba zai ishe su ba, domin ba ya nuna tsawon wasali ko karin sauti. Kalmar "gari" tana iya zama wurin zama, da gajeren wasali a gaɓar farko, ko abin tuƙa tuwo, da dogon wasali. Kalmar "kuka" kuwa, idan sautinta ya tsaya a sama har ƙarshe zubar da hawaye ne, idan ya sauka a gaɓa ta biyu itaciya ce. A wannan fuska ajami ya fi boko, tun da yakan nuna dogon wasali.

Karin waƙar Hausa ya dogara ne a kan bambancin gaɓa marar nauyi, mai baƙi da gajeren wasali, da gaɓa mai nauyi, mai dogon wasali ko mai rufewa da baƙi. A bisa ƙa'ida, mai nauyi tana daidai da marar nauyi biyu. Kalmar "kalangu" tana da marar nauyi ɗaya da masu nauyi biyu, jimilla awo biyar, haka ma "manomi". Binciken Bruce Hayes da Russell Schuh na 2019 a kan yadda ake rera waƙoƙin karin rajaz ya nuna cewa mawaƙa suna ɗora wannan awo a kan kiɗa ta hanyoyi daban-daban, amma nauyin gaɓar yana nan yana tasiri. Don haka allo zai iya rubuta gaɓa mai nauyi da faɗi ninki biyu, ya ɗan ɗaga mai sautin sama a kan layi, ya saukar da mai sautin ƙasa. Duk mai karatun Hausa zai gane wannan cikin ɗan lokaci.

5.3 Zubin Kiɗa

Domin masu ganga akwai tsarin akwatuna da aka ƙirƙiro a Jami'ar Kalifoniya ta Los Angeles, wanda James Koetting ya yi amfani da shi a 1970 wajen rubuta kiɗan gangunan Afirka ta Yamma. Ana jera akwatuna daidai wa daida, kowanne yana wakiltar bugu ɗaya na lokaci, a cike wanda za a kaɗa, a bar na shiru fayau. Masu haɗa kiɗa a situdiyo sun riga sun saba da irin wannan jeri a manhajoji kamar FL Studio. Ga kalangu sai a ƙara layi mai lanƙwasa a saman akwatunan domin nuna matsa da sassautawa. Ga take kuwa babu buƙatar zana komai, sunan mai taken ya isa.

5.4 Saƙon Sanƙira

Abu na huɗu shi ne sunaye. A ƙaddara ana biki a Kademi, mawaƙin da aka gayyato daga Kano ya zo da mai fiyanonsa, an kuma haɗa shi da masu kalangu biyu da 'yan amshi uku na gari waɗanda bai taɓa aiki da su ba. Sanƙira yana cikin taro da waya a hannu. Da ya hango wani dattijo ya iso, sai ya aika da sunansa da sana'arsa. Saƙon ya bayyana a gaban mawaƙi shi kaɗai. Idan ya ga dacewar ambatonsa, ya taka maɓalli da ƙafa: mai fiyano ya ga alamar ci gaba da zagaya kiɗa, masu kalangu su ga sunan su shirya take, 'yan amshi su ga launin jira. Da ya kammala ɗan, ya sake takawa, kowa ya koma gindi. A wannan tsari na'ura ba ta ƙirƙiri ko kalma ɗaya ba. Hukunci yana hannun jagora kamar yadda yake tun asali.

6.0 Ƙalubale

Na farko shi ne jinkiri. Sauti yana tafiyar kimanin mita 340 a sakan ɗaya, wato makaɗin da ke nesa da mita 10 yana jin ɗan'uwansa bayan kusan kashi 30 cikin 1,000 na sakan. Gwaje-gwajen kiɗa ta intanet sun nuna cewa daga wajen wannan iyaka haɗin bugu yakan fara wahala. Saboda haka bai kamata a ɗora wa allo aikin riƙe bugu ba. Kunne ne zai riƙe bugu, allo kuma ya yi gargaɗin abin da ke tafe, aƙalla zagaye ɗaya na kiɗa kafin lokacinsa.

Na biyu shi ne ido. Makaɗin Hausa da idonsa yake farautar taro. Idan ya duƙufa a kan allo, ya rasa abin da ya sa ake kiransa. Wannan ya sa alama ta zama wadda za a gane da wutsiyar ido, kamar launi ko fitila. Freeman ma da fitilu masu launi ya yi wa makaɗa ishara a wasansa Glimmer da ya tsara a 2004.

Na uku shi ne kayan aiki. A karkara ba a dogara da wutar lantarki ko ƙarfin intanet. Sai dai tsarin bai buƙatar intanet: waya ɗaya tana iya buɗe ƙaramar sadarwa ta Wi-Fi da sauran za su shiga, kuma saƙon launi da suna ba shi da nauyi.

Na huɗu shi ne karatu. Akwai ƙwararrun makaɗa da ba su yi boko ba amma suna karanta ajami, akwai kuma waɗanda ba su yi ko ɗaya ba. Manhaja ta gari za ta ba da zaɓin boko da ajami da alama zalla.

Na biyar, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne matsayi. Ƙungiyar makaɗa tana da shugabanci da ladabi, kuma sanin sirrin ubangida shi ne jarin ɗan amshi. Idan allo ya sa kowane baƙo zai iya tsayawa a gurbinsa, darajarsa na iya faɗuwa. Haka kuma duk abin da ya bi ta na'ura ana iya adana shi, sai tambayar mallaka ta taso: ɗan da aka ƙirƙira a fage, na jagora ne, ko na ƙungiya, ko na mai manhaja? Waɗannan batutuwa ne da ya wajaba a zauna da makaɗan kansu a warware kafin a rubuta manhaja.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi sawun rubutun kiɗa daga layukan Guido zuwa allunan Hamburg, ta kuma nuna cewa abin da masu wannan fasaha ke nema, wato mai ƙirƙira ya yi magana da makaɗa ana cikin wasa, shi ne ginshiƙin kiɗan Hausa tun fil azal. Saukar muryar jagora da taken kalangu da raɗar sanƙira duk alamomi ne na nan-take, illa dai kunne da ido ne ke karanta su. Inda aka samu giɓi shi ne tsakanin mawaƙin situdiyo da makaɗin dandali, kuma a nan ne allo zai iya zama gada. Aikin da ke gaban sassan nazarin Hausa da na kimiyyar kwamfuta a jami'o'i shi ne su fara da naɗar wasannin makaɗan karkara irin na Gaya da Ajingi da sauti da hoto, su tantance alamomin da ƙungiyoyin ke amfani da su a tsakaninsu, su tambayi masu abin sunan da suke kiran kowace alama. Daga wannan taska ne za a san abin da ya cancanci hawa allo, da abin da ya fi kyau a bar wa kunne.